Yadda za ka gane riyakshan na oganik kemistiri ba sai ka yi hadda ba

Ƙannena 'yan SS2 da SS3, musamman waɗanda WAEC ko NECO ko JAMB ke gabansu, ku matso mu yi maganar oganik. Na daɗe ina koyar da lesin ɗin kemistiri da yamma kuma duk shekara abu ɗaya nake gani, yaro yana jan zarensa lafiya lau a asid da bes da lissafin mol, da an shigo oganik sai ya ɗauko littafi ya hau hadda kamar mai tilawa, ikweshan wajen arba'in a ka, ranar jarrabawa kuma a cire masa etin a sa propin shi ke nan kai ya kulle sai cizon biro. Ni ma haka na yi a lokacina, sai da na sha ƙasa a wani gwajin aji kafin na gane ashe duk tarin nan riyakshan kaɗan ne suke ta canza riga. To hanyar da nake bi da ɗalibaina ita zan shimfiɗa muku. Ka ɗauko biro da takarda tukuna, wannan karatun ba a yin sa a kwance ana latsa waya.

Mataki na 1: zana abin, kar ka tsaya a suna

Kabon hannu huɗu gare shi, ba ya ƙari ba ya ragi. Haidurojin hannu ɗaya, kilorin da biromin ɗaya ɗaya, oksijin biyu. Duk sinadarin da aka ba ka a tambaya, kafin ka yi tunanin komai ka zana shi a buɗe, kowane kabon da layukansa huɗu, sannan ka duba yadda kabon biyu suka riƙe juna. In da hannu ɗaya suka riƙe, ɗauri ɗaya kenan, dangin alkan, irin su metan CH4 da etan C2H6 da propan C3H8. Waɗannan cikinsu a ƙoshe yake, babu hannun da ya rage. In da hannu biyu ne, C=C, dangin alkin kenan, irin etin C2H4 da propin C3H6. In uku ne, C≡C, alkain, babbansu a manhajarku shi ne etain C2H2, gas ɗin nan da masu walda suke samu in sun zuba ruwa a kan kabayid. A takardar jarrabawa ƙarshen sunan ne zai gaya maka, ane ko ene ko yne, harafi ɗaya ne bambancin kuma wallahi na ga maki da yawa sun zube a kan harafin nan saboda gaggawa.

Bayan ɗaurin sai ka duba ko akwai wani baƙo a jikin sarƙar. OH yana nufin alkanol, CHO alkanal, C=O a tsakiyar sarƙa alkanon, COOH alkanoik asid, Cl ko Br kuma haloalkan. Wurin baƙon nan ko wurin ɗauri biyun, nan ne kawai ake rikicin. Sauran sarƙar 'yan rakiya ne, yadda suka shiga haka za su fito, saboda haka in an canza maka etin da propin ko butin kar gabanka ya faɗi, an ƙara 'yan rakiya ne kawai.

Mataki na 2: ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita

Wannan shi ne sirrin da da an gaya min tun farko da ban wahala ba. Ka dubi hagun kibiya ka dubi damanta. Abu biyu sun shiga, biyu sun fita, wani atam ya tashi wani ya zauna a kujerarsa, musanya kenan, wadda littafinku ke kira sabstitushan. Biyu sun shiga, ɗaya tak ya fita, ƙari kenan, adishan. Ɗaya ya shiga ya fito biyu, an zare masa wani ɗan ƙaramin abu kamar ruwa ko HBr kuma ɗauri biyu ya bayyana inda babu shi da, cirewa kenan, iliminashan. Ukun nan su ne gindin murhu, sauran duk a kansu aka ɗora tukunya.

Sai kuma abin da aka rubuta a saman kibiya, zafi nawa, wane katalis, a ruwa aka narka ko a alkohol. Yara suna tsallake shi kamar ado ne, alhali a oganik rabin amsar a nan take. Katalis ka ɗauke shi kamar dillali a kasuwar shanu, yana haɗa mai saye da mai sayarwa ciniki ya faɗa da wuri, shi kuma ya koma gida yadda ya zo.

Mataki na 3: musanya

Alkan tunda ba shi da hannun banza, in kana so ka saka masa wani abu dole wani ya tashi. Misalin da ba ya wuce shekara ba a tambaye shi ba shi ne metan da kilorin a hasken rana:

CH4 + Cl2 → CH3Cl + HCl

Haidurojin ɗaya ya tashi, kilorin ya zauna, wanda aka tasa ya tafi da ɗaya kilorin ɗin suka zama HCl. Kar ka manta da HCl ɗin nan, yara da yawa suna rubuta CH3Cl su tashi, maki ya tafi. In kilorin ya yi yawa abin ba ya tsayawa nan, sai ya ci gaba ɗaya bayan ɗaya, CH2Cl2, sai CHCl3 wato kulorofom wanda a da likitoci suke sumar da mutum da shi kafin tiyata, sai CCl4 lokacin haidurojin ya ƙare kaf. Kowane hawa HCl ɗaya yana fita.

Me ya sa sai da haske? A duhu ka haɗa su za su zauna shiru. Hasken ne yake tsinka Cl2 gida biyu, kowane rabi ya fito da ilektiron ɗaya mara abokin zama, shi ake kira radikal, kuma irin wannan ba ya iya zama wuri ɗaya, da ya haɗu da metan sai ya fizge haidurojin ya zama HCl ya bar CH3 shi ma a matsayin radikal, shi kuma CH3 ya afka wa wani Cl2 ya ɗauke kilorin ɗaya ya saki ɗayan a matsayin sabon radikal, haka abin zai yi ta zagayawa kamar gobarar daji har sai radikal biyu sun ci karo da juna sun haɗe. Shi ya sa ake samun ɗan etan a cikin abin da ya fito, CH3 biyu ne suka gamu. Hasken ma mai sauƙi ake so, in rana ce tsaka kai tsaye haɗin yana iya fashewa ya ba ka baƙin kabon da HCl.

Musanya ta biyu da ya kamata ka riƙe ita ce haloalkan da NaOH ko KOH da aka narka a ruwa, a ɗan ɗumama:

C2H5Br + NaOH → C2H5OH + NaBr

Biromin ya tashi OH ya zauna, ka samu etanol. Ka ja layi a ƙarƙashin kalmar ruwa, za mu dawo kanta.

Sai benzin, C6H6, wanda shi ne mayaudarin ajin. In ka ga zanensa da ɗauri bibbiyu guda uku za ka rantse ƙari zai yi, amma ilektiron ɗinsa a baje suke zagaye da zoben gaba ɗaya kuma hakan ya ba shi natsuwar da ba ya son rasawa, don haka ya gwammace musanya. Ka haɗa shi da naitirik asid da salfurik asid duka masu ƙarfi a zafin digiri 50 zuwa 55, NO2 ya maye gurbin haidurojin ɗaya, ka samu naitirobenzin da ruwa.

Mataki na 4: ƙari

Nan ne alkin da alkain suke cin kasuwarsu. Ɗauri biyun nan ba ƙarfinsu ɗaya ba, ɗaya yana da ƙwari ɗayan sako-sako ne, to sako-sakon ne yake kwancewa, kowane kabon ya samu hannu guda a sake ya kama baƙo. Yadda za ka yi a takarda: zana C=C, goge layi ɗaya, fitar da sabon layi daga kowane kabon, raba abin da aka kawo gida biyu ka rataya rabi nan rabi can. Shi ke nan fa, ko me aka kawo.

An kawo H2 da nikel a matsayin katalis a zafin kamar digiri 150, H nan H can, etin ya koma etan. Wannan dabarar ce ake bi a daskarar da man girki mai ruwa ya zama majarin ɗin da muke shafa wa burodi muna ce masa bota, kuma wani Bafaranshe mai suna Paul Sabatier ya samu kyautar Nobel a 1912 saboda aikinsa a kan irin wannan ƙarin haidurojin da ƙarfe a matsayin katalis. An kawo Br2, Br nan Br can, ka samu 1,2-daibiromoetan, CH2BrCH2Br. An kawo tururin ruwa da fosforik asid a zafin digiri 300 da matsi mai yawa, H nan OH can, etanol ya fito, haka masana'antu ke yin sa daga etin.

Na biromin ɗin shi ne gwajin da ake tambaya a firaktikal. An ba ka gas biyu ba suna, an ce ka bambance etan da etin. Ka bi da kowanne ta cikin ruwan biromin mai launin ruwan goro. Wanda ya wanke launin ruwan ya koma garau shi ne etin, ɗayan kuwa launin yana nan daram. Haka ma KMnO4 mai asid, launinsa shunayya kusan kamar zoɓon da ya yi kauri, etin zai wanke shi. Wajen rubuta amsa ka ce launin ya ɓace, kar ka ce ya koma fari, fari daban garau daban, mai makin zai soke.

In kuma etin da etain aka ce ka raba, biromin ba zai taimake ka ba don dukansu suna wanke shi. Sai ka nemi silba naitiret mai amoniya, etain zai ba da farin gari a ƙasan kwalba, ko kofa(I) kuloraid mai amoniya ya ba da gari ja mai ruwan ƙasa, etin kuwa ko gezau. Abin dariyar shi ne wannan gwajin musanya ce, ƙarfen ne ya tashi haidurojin na bakin sarƙa ya zauna, kuma masu JAMB suna son wannan tarkon.

Yanzu ga inda ake raba yaro da babba. Etin da HBr babu matsala, kabon biyun iri ɗaya ne ko ina ka sa Br daidai ne. Amma propin, CH3CH=CH2, kabon na tsakiya haidurojin ɗaya gare shi, na baki yana da biyu, to wa zai karɓi H wa zai karɓi Br? Wani masanin Rasha, Vladimir Markovnikov, ya fitar da ƙa'idar wajen 1870, ni kuma yadda nake gaya wa yara ita ce kamar gudummawar biki ce, wanda ya fi kowa abin hannu shi ake ƙara wa. Kabon da ya fi yawan haidurojin shi zai karɓi sabon haidurojin, Br ya tafi wajen talakan.

CH3CH=CH2 + HBr → CH3CHBrCH3

Wato 2-biromopropan shi ne mafi yawa a abin da zai fito. Dalili kuwa, H ne yake fara shiga, kabon da aka bari yana ɗaukar cajin fosetif na ɗan lokaci, kuma cajin ya fi zama lafiya a kan kabon da ke da maƙwabta kabon biyu suna tallafa masa fiye da wanda ke da maƙwabci ɗaya. Haka za ka yi da HCl, haka da ruwa, propin da ruwa propan-2-ol zai ba ka.

Alkain kuwa sau biyu yake karɓar baƙi tunda sako-sakon nasa biyu ne. Etain da H2 ɗaya ya zama etin, ka ƙara wani ya zama etan.

Mataki na 5: cirewa

Ka juya ƙari baya ka samu cirewa, don haka ba zan daɗe a nan ba sai dai tarkuna biyu. Etanol da salfurik asid mai ƙarfi, asid ɗin ya fi yawa, zafi digiri 170:

C2H5OH → C2H4 + H2O

OH ya fita daga kabon ɗaya, H ya fita daga maƙwabcinsa, hannuwa biyun da suka rage suka kama juna, ɗauri biyu ya dawo. Ka lura daga maƙwabci ake cire H ɗin. Ana kuma iya bi da tururin etanol ta kan aluminiyam oksaid mai zafi a samu abu ɗaya.

Tarko na farko zafi ne. Kayan nan dai su ne, amma ka sauke wuta zuwa digiri 140 kuma etanol ya fi yawa, etin ba zai fito ba, etanol biyu ne za su haɗu su zubar da ruwa ɗaya su ba ka etoksietan, C2H5OC2H5. Digiri 30 kacal ya canza amsa.

Tarko na biyu shi ne kalmar da na ce ka ja wa layi. Biromoetan da KOH a ruwa, musanya, etanol. Biromoetan da KOH da aka narka a alkohol aka dafa da zafi, cirewa, HBr ya fita ka samu etin. Na taɓa ba aji guda wannan tambayar a gwaji, kusan kowa ya rubuta etanol saboda ido ya ga KOH ya wuce bai karanta kalmar da ke gabansa ba, har da yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari, ranar kam ta ji haushin kanta sosai.

Mataki na 6: in oksijin ya shigo

A oganik ka sauƙaƙa wa kanka, oksijin ya ƙaru ko haidurojin ya ragu, oksideshan. Haidurojin ya ƙaru ko oksijin ya ragu, ridakshan. Mai yin aikin yawanci K2Cr2O7 ne ko KMnO4 da ɗan salfurik asid sirkakke, a ikweshan kuma [O] kawai ake rubutawa.

Alkanol kala uku ne, firamare da sakandare da tashiyari, kuma ba ruwansu da makaranta. Ka sa yatsa a kan kabon da ke riƙe da OH ka ƙirga kabon nawa ne suka dafa shi kai tsaye. Ɗaya, firamare. Biyu, sakandare. Uku, tashiyari. Firamare hawa biyu yake yi, etanol ya zama etanal CH3CHO, in aka ci gaba da dafawa ya zama etanoik asid CH3COOH. Sakandare hawa ɗaya, propan-2-ol ya zama propanon CH3COCH3 ya tsaya cak. Tashiyari ba ya motsi, domin aikin yana buƙatar a cire haidurojin daga jikin wannan kabon ɗin shi kuma ba shi da ko ɗaya, duk hannuwansa a cike. Alamar da ido zai gani, K2Cr2O7 ya tashi daga ruwan goro ya koma kore. In bai canza ba, tashiyari ne a kwalbar. Tsohuwar tambayar nan ta me ya sa bammi yake tsami in ya kwana a buɗe, amsarta kenan, ƙwayoyin bakteriya da iskar oksijin sun mai da etanol ɗin cikinsa etanoik asid, wanda shi ne tsamin binega.

In aka ce ka raba alkanal da alkanon, ruwan Fehling shuɗi ne, ka ɗumama shi da alkanal irin etanal ya ba da gari ja kamar jan bulo. Ruwan Tollens kuma da alkanal zai shafe jikin kwalbar da azurfa ta koma kamar madubi. Alkanon ba ya yin ko ɗaya.

Ƙonewa ma oksideshan ce, mai gaba ɗaya. Ga yadda ake daidaita ta ba ciwon kai, mu ɗauki butan C4H10 wanda yana cikin gas ɗin girki. Fara da kabon, 4 ne, rubuta 4CO2. Sai haidurojin, 10 ne, raba biyu, 5H2O. Sai ka ƙirga oksijin na dama, 8 da 5 sun zama 13, rabinsa 6 da rabi, to ninka komai sau biyu:

2C4H10 + 13O2 → 8CO2 + 10H2O

Kullum oksijin ne na ƙarshe. In iska ba ta isa ba kuwa CO ne yake fita da baƙin hayaƙi, kuma CO ba shi da launi ba shi da wari, yana kama jini ya hana shi ɗaukar oksijin, shi ne yake kashe mutanen da suka kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Wannan ka gaya wa mutanen gida ko ba ta fito a jarrabawa ba. Harshen wutar ma yana ba da labari, alkan wutarsa shuɗiya ce mai tsabta in iska ta wadata, etain da benzin kuwa kabon ya yi musu yawa sai hayaƙi baƙi ƙirin.

Mataki na 7: esta da sabulu

Alkanoik asid da alkanol, ɗigon salfurik asid mai ƙarfi, a ɗumama, sai ƙamshi kamar na 'ya'yan itace ya tashi:

CH3COOH + C2H5OH ⇌ CH3COOC2H5 + H2O

Sunan aikin estarifikeshan. In ka bi ƙirgen mataki na 2 za ka ga biyu sun shiga biyu sun fita, amma tunda manya biyu ne suka haɗe suka tofar da ɗan ƙaramin abu, ruwa, ana sa shi a dangin kondenseshan. OH ɗin ruwan daga asid yake fitowa, H daga alkanol. Kibiyar mai kai biyu ce dole, abin yana komawa baya. Sunan kuma daga alkanol ake farawa duk da a fomula shi ne a baya, etail etanoet. Kada ka ce wannan nutiralaizeshan ne don ka ga asid ya ba da ruwa, wancan nan take yake faruwa kuma gishiri yake bayarwa, wannan a hankali yake tafiya kuma ba ya kaiwa ƙarshe. Ƙamshin ayaba da abarba na cikin alawa da lemon kwalba, yawanci esta ne.

Ka mai da ruwa ya fasa estan, haidirolisis kenan. In da asid sirkakke ka yi, asid ɗinka da alkanol ɗinka za su dawo. In da NaOH ka yi, gishirin asid ɗin za ka samu kuma ba komawa baya. To man ja da man gyaɗa da man kaɗe da kitsen shanu duk esta ne, gilisarol mai OH uku ya riƙe dogayen asid uku. Ka dafa su da soda, wato NaOH, sai su fashe, gilisarol gefe, gishirin dogayen asid ɗin gefe, gishirin nan shi ne sabulu, aikin kuma safonifikeshan. Duk wadda ta taɓa ganin mata suna haɗa sabulun soda a unguwa ta riga ta ga wannan darasin da idonta, kuma sabulun salo ma haka ne, sai dai maimakon soda ruwan toka ake tacewa, tokar tana da potash shi ya sa yake fitowa da laushi. NaOH sabulu mai tauri, KOH mai laushi. A lab bayan an dafa ana zuba ruwan gishiri mai kauri don sabulun ya rabu ya taso sama, suna tambayar dalilin zuba gishirin nan sosai. Amma don Allah kar wani ya je gida ya ce zai gwada shi kaɗai, soda tana cin fata, in ta shiga ido kuma sai dai Allah ya kiyaye.

Mataki na 8: ragowar, a gurguje

Polimaraizeshan ba sabon abu ba ne, ƙari ne ko kondenseshan da aka maimaita sau dubbai. Etin ya kwance sako-sakonsa ya kama wani etin, wancan ya kama wani, har sarƙa ta yi tsawo, politin kenan, wanda aka gano a kamfanin ICI na Ingila a 1933, shi ne ledar kasuwa da ta fiya wata. Babu abin da ya fita, don haka polima ce ta ƙari, haka PVC na bututun famfo daga kuloroetin. Nailon na gaskiya kuwa, wanda Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, asid mai COOH biyu ne da amin mai NH2 biyu suke ta haɗuwa kowane ƙulli ruwa ɗaya yana fita, kondenseshan kenan, haka ma firotin da sitaci. Wato ledar da 'yan Kudu ke ce wa nailon ba nailon ba ce, kar ka kai sunan kasuwa ɗakin jarrabawa.

Kirakin shi ne fasa doguwar sarƙa da zafi ko katalis a matatar mai don a samu fetur da yawa, misali C10H22 → C8H18 + C2H4, ka tabbata kabon da haidurojin na dama sun yi daidai da na hagu kuma akwai alkin a ciki. Famenteshan kuma yis ne yake cin gulukos ba iska, C6H12O6 → 2C2H5OH + 2CO2, enzayim ɗin sunansa zaimes, CO2 ɗin nan ne yake kumbura ƙullin fanke da burodi, etanol ɗin kuma ya gudu a wuta.

Yanzu mu gwada da irin tambayar da suke yi. Sinadari A fomularsa C3H8O. An dafa shi da salfurik asid mai ƙarfi a digiri 170 ya ba da gas B mai wanke ruwan biromin. An kuma dafa A da K2Cr2O7 mai asid ya ba da C wanda bai yi komai da ruwan Fehling ba kuma ba asid ba ne. B da HBr sun ba da D. Ka bi a hankali. A ya rasa ruwa, cirewa, kabon uku, B propin ne. A alkanol ne amma wanne, propan-1-ol ko propan-2-ol, dukansu propin za su bayar, to C ne zai raba gardama, tunda bai taɓa Fehling ba kuma ba asid ba ne alkanon ne, propanon, kenan A sakandare ne, propan-2-ol. D kuma gudummawar biki, 2-biromopropan.

Ga naku na gida. Ku ɗauki D ɗin nan ku rubuta abin da zai bayar da KOH a ruwa, da abin da zai bayar da KOH a alkohol mai zafi, kowanne da sunan irin riyakshan ɗin. Sannan ku sake tambayar tun daga farko amma a ce C ya ba da jan bulo da Fehling, ku ga waɗanne haruffa ne suka canza a cikin huɗun, waɗanne ne ba su canza ba.